Faɗin Makara

Gobarau, Katsina
9 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ƙanena Almu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Ibadan, yaya kwas, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai dai tarin Baba ya dawo, har ya rage fita masallaci. Inna na gaishe ka, ta ce ko ka koyi cin miyar manja.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Alhaji Babaji maƙwabcinmu ya rushe gidanshi na ƙasa, yana ɗora bene na bulo da shaguna. Allah ya sanya alheri, ba mu da hassada. Amma katangar ta fito ta cinye lungunmu! Lungun da jaki ke shiga da itace, yanzu ni kaina sai na karkace nake wucewa, kuma ka san ba wani jiki gare ni ba. Kwanar da ke bakin ƙofarmu kuwa ba a magana. Ga shi ba mu da wata hanya sai ita.

Baba ya dogara sanda ya je ya same shi. Alhaji ya fito da takarda mai hatimin ofishin tsara gari, wato ofishinku, wai an amince mashi. Baba ya dawo bai ce komai ba sai, "Ɗana zai gyara." Haka yake faɗa ma duk wanda ya zo duba shi.

Don Allah bincika mani wane dolo ne ya sa hannu. In na gan shi sai na ja kunnenshi yadda nake ja ma 'yan ajina.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Furera

*

Ibadan
18 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Malam Yakubu, sufeton gine-gine,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Mama Esther da yara.

Malam, wannan tsakanina da kai ne. Ka tuna ranar jajibirin tafiyata, da na sa hannu a fulan gini goma sha ɗaya a zama guda? Ka tsaya a kaina da ɗaya a hannu, ka ce, "Wannan na cikin birni ne, mu je mu gani da ido." Ni kuwa na ce taswira ta isa, ai ba don ado muka yi karatu ba. Gaskiyar magana, ranar aka kawo mani sabuwar motata, kuma na san ba ta shiga lungu, ni kuma ban so a ga ofisa yana taka ƙasa.

Don Allah ka duba fayil ɗin fuloti mai lamba 47 a Gobarau. In abin da nake tsoro ne, to lungun gidan ubana na bayar da hannuna. A takarda lamba kawai na gani, ban ga gida ba.

Ka gaya mani ko da sauran gyara. Kuma ina roƙonka kada mutanen gidanmu su ji.

Naka, Almu Lado

*

Ofishin Tsara Gari, Katsina
28 ga Janairu, 1977

Malam Almu, ranka ya daɗe,

Na sami takardarka. Muna lafiya, godiya ga Allah. Esther tana gaishe ka.

Na duba fayil. Hannunka ne.

Tsohuwar taswirarmu ta nuna wurin a matsayin kwata, ba hanya ba, shi ya sa mai zane ya haɗa da shi. Na je na auna. A bakin titi ƙafa uku ya rage, a kwana ƙafa biyu da inci huɗu.

Bari in gaya maka abin da ya kamata in faɗa tun ranar, da ban ji nauyin muƙaminka ba. Shekara ashirin da suka wuce, da na zo daga Zonkwa ban san kowa ba, wani tsohon magini, Yari, ya gan ni da tef na awo ya yi dariya. Ya ce a cikin birni ba da wannan ake auna lungu ba. Da makara ake aunawa: ita da masu ɗaukarta, su shiga, su sha kwana, su fito ba tare da sun karkata mamaci ba. Ya ce kowa zai iya matsewa ya wuce, ban da wanda aka ɗauko. Tun daga nan duk lungun da na shiga, ita nake gani a idona.

Na kai wa shugaba magana. Ya ce takarda ta fita, ba ya tsayar da gini sai ofisan da ya sa hannu ya rubuto cewa kuskurensa ne. Ba zan ɓoye maka ba: wasiƙar za ta shiga fayil ɗinka, kuma mai yiwuwa a janye ka daga kwas. Ranar goma sha biyar ga watan gobe za su zuba dakin, wato simintin da za a ɗora bene a kai. Bayan nan sai dai rushewa.

Ban gaya wa kowa ba. Amma mahaifinka ya gan ni ina awo, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce, "Kai ne abokin aikin ɗana? Ka gaishe shi." Ban iya kallon fuskarsa ba.

Naka cikin biyayya,
Yakubu Daniel

*

Ibadan
7 ga Fabrairu, 1977

Yaya Furera,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar lungu ana kan bincike. Kin san aikin gwamnati, sai a hankali. Jarrabawa gare mu ƙarshen wata, daga nan za mu fita aikin daji. Da na gama zan zo in duba da kaina. Ki ce ma Baba ya kwantar da hankalinshi.

Ƙanenki, Almu

*

Gobarau, Katsina
3 ga Maris, 1977

Almu,

Sallama. An buga maka wayar telegiram shekaranjiya, an ce kuna daji, don haka za ka tarar da ita tare da wannan. Allah ya yi ma Baba rasuwa ranar Talata da hantsi. Ya cika da kalmar shahada, Inna na riƙe da hannunshi. Allah ya jiƙan shi.

Na so in tsaya nan, amma wallahi ba zan iya ba.

An yi mashi wanka, an yi sutura, aka aiko da makara daga masallaci. Ta shigo a karkace, tunda ba kowa a kanta. Fita ce ta gagara. Sau uku suna kai shi kwanar nan suna dawowa da shi zaure. Wani ya ce a ɗaga ta tsaye, liman ya ce a'a. Daga ƙarshe suka sauke shi, suka naɗe shi a tabarma, mutum biyu suka fita da shi a hannu kamar damin kara, kanshi na gogar bulo. Ina leƙe ta ƙofar zaure. Almu, Baban da ko hularshi bai yarda ta karkace!

Jiya Hajiya Lailatu matar Alhaji ta shigo gaisuwa tana kuka, da takardar a hannu, wai mu gani ba zalunci suka yi ba, izini aka ba su. Na karɓa na duba. Ni na kama hannunka na koya maka rubuta sunanka. Ko a duhu na san wannan "A" mai doguwar jela.

Na ce mata, "Baba ya ga wannan?" Ta ce tun ranar farko. Alhaji ya miƙa mashi, ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke ya mayar. Ka san shekara talatin ya yi yana malamin asibiti, ba a ɓoye mashi boko.

Ashe ya sani. Wata biyu yana cewa "ɗana zai gyara", ni ina zagin dolo a gabanshi, bai taɓa ɗaga kai ba. Ba bincike yake jira ba, kai yake jira.

Inna ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Kunya ta hana ni fita ko makaranta. Ka zo.

Furera

*

Ibadan
12 ga Maris, 1977

Malam Yakubu,

Gaisuwa. Na gode da ta'aziyyarka, na same ta tare da sauran.

Ga takardar da ya kamata in rubuto tun watan jiya. Na sa hannu, kuma wannan karon na karanta abin da na sa ma hannu. Ka kai ma shugaba. Abin da za su yi da ni su yi.

Gobe zan hau jirgin ƙasa. Inna zan fara gani, in faɗa mata da bakina. Ranar Alhamis da safe ka same ni a bakin lungun. Kada ka zo da tef. Ka roƙi liman ya ara mana makarar, ka nemo mutum biyu.

Ni zan riƙe gaba.

Naka, Almu