Kwandalar da Ka Ɗora wa Allura

Ya kai sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata lokacin zafi, ya kai Injiniyan da duk unguwa ke tinƙaho da shi! Gaisuwa mai tarin yawa daga ɗakin Yaya, inda yau kwanana tara ina fama da kewarka da haushinka, har na rasa wanda ya fi cin raina.

Saƙonka ya iso, maigida. Wai in dawo, wai mai hankali ba ta barin ɗakinta a kan faifai ɗaya. Faifai ɗaya! Sannu da ƙoƙari, gwanina. Uwa nawa ka san ina da ita?

Ko ka manta ranar da ka fara shiga gidanmu jan wayar wuta? Kana bisa tsani marigayiya Inna ta ɗora faifan nan a garmaho, shi kaɗai ne aka taɓa ɗaukar muryarta a ciki, tun tana 'yar amshi. Ka tsaya cak da filaya a hannu har waƙar ta ƙare, ka ce ba ka taɓa jin murya garau irin wannan ba. A ranar zuciyata ta faɗo hannunka kamar nunannen mangwaro, ko jifa ba ka yi ba. Da Inna ta rasu, garmahon da faifan nan su ne abin da na ɗauko na kawo ɗakinka, don na ɗauka na kawo su wurin wanda ya san darajarsu.

Sai watan jiya sauti ya fara lalacewa. Murya ta shaƙe, in ta ɗaga sama sai ta tsage, shuu, kamar an yayyafa ruwa a mai mai zafi, hannun garmahon mai riƙe da allura kuma yana tsallake layi. Nan fa zakina ya naɗe hannun riga! Ka ce lasifika ce, ka canza ta. Ka ce waya ce, ka yanke ka sake haɗawa. Ka ce wutar gidan ce ba ta da ƙarfi, kai da ka ja ta da hannunka! Na ce a duba allura, ka ce in je in ji da keken ɗinkina, wannan aikin masu ilimi ne. Daga nan ka ɗauko kwandala ka manna ta da salatif a kan hannun, wai don ya daina tsalle. Ya kuwa daina, ka dube ni kana murmushin nasara. Kuma duk abin da ka taɓa, da faifan Inna kake gwadawa, wai shi ka fi sanin sautinsa, alhali ga wasu goma sha biyu a akwati. Sau nawa ka juya shi a sati biyun nan, farin watana? Sau hamsin? Ɗari?

Da dabara ta ƙare maka, sai ka karkaɗe hannu a gaban abokanka ka ce, “Dama muryar mawaƙan da haka take, mu ne dai ba mu lura ba.” Wallahi da marina ka yi da ya fi min sauƙi.

To ni jahilar tela, da ka fita aiki na zauna. In keke ya fara tsallake ɗinki ba na zagin yadi, allura nake fara dubawa. Na ɗora wani faifan da ban damu da shi ba, ƙarar tana nan, ka ga ba Inna ba ce. Na maido tsohuwar lasifikar, ƙarar tana nan, ka ga ba ita ba ce. Na kwance kan allurar, da kwandalar manne a jikinsa, na kai wa tsoho mai gyaran agogo na bakin titi, ya ba ni aron gilashin idonsa. Bakinta ya gutsure kamar karyayyen haƙori! Tsohon ya ga kwandalarka ya tambaye ni wane maƙiyi ne ya yi min wannan aikin. Na rufa maka asiri, na ce yara ne, mu da ko ɗa ba mu da shi.

Ya samo min sabuwar allura, na ɓamɓare kwandalar, wancan faifan ya rera garau. Sai na ɗora na Inna. Ƙarar ba ta tafi ba, masoyina. Ta bar allura ta koma cikin faifan. Na ɗaga shi a hasken taga, layukan da ke baƙi wuluk sun koma toka-toka. Karyayyar allura ka ɗora wa kaya, ka yi ta huɗa da ita a kan muryar uwata. Ɗaya gefen ya tsira don ƙyuya ta hana ka juya shi, amma can cikin mata huɗu take amshi, sai na kasa kunne nake tsinto ta. Gefen da aka ba ta baiti ita kaɗai, shi ka cinye.

Kuma ga abin takaici: har yanzu ina sonka! Ina jin ƙarar babur a layi in leƙa kamar sakarya, Yaya tana min dariya. Wane irin ciwo ne wannan? Ba na son turaren da ka aiko, ba na son alkawarinka na nemo wani faifan, babu wani, ka sani na sani. Ka zo ƙofar Yaya da ƙafarka, ka dubi idona ka ce, “Ni na ɓata shi, muryar Inna ba haka take ba.” Iyakar abin da nake nema ke nan, in ɗauki jakata in bi ka. Kwandalarka tana wurina, zan ba ka abarka.

Kada ka ji tsoron zan manta da kai, tauraron zuciyata. Ta yaya? Daga yau har in koma ga Allah, duk ranar da na yi kewar uwata na ɗora faifanta, kai zan ji.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai,
Telar da ka ce ta je ta ji da kekenta.