Talata Biyu da Gaskiya Goma Sha Biyu

Hajiya Adama Mai-Daddawa,
Gidan Marigayi Malam Nu'uman,
Unguwar Kusugu, Daura,
Jihar Katsina.
Alhamis, 29 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Shugabar Shirin Sauka Lafiya,
Sashen Masu Ciki Mai Haɗari,
Ofishin Daura.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN MURJANATU HARISU DAGA JERIN MATAN DA AKE ZUWA AUNAWA GIDA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ki riƙo, ina sanar da ke cewa ina bin ofishinki Talata biyu, ta 20 ga wata da ta 27. Ku kuma kuna bina gaskiya goma sha biyu. Shekara arba'in ina sayar da daddawa ban taɓa kwana da lissafin da bai fita ba, shi ya sa na zo a zauna a kan wannan.

Ban yi boko ba. Malam Kabo mai buga takardu a bakin kotu ne yake rubutawa ina faɗa. Inda kika ga magana ta yi nauyi tasa ce, inda ta yi tsami tawa ce.

Murjanatu matar ɗana na fari ce. Sunansa na can sama, Malam Kabo ne ya sa, ni ba na faɗa. Cikinta wata takwas, kuma shi ne na huɗu. 'Ya ɗaya gare ta a raye, Ummi, mai shekara biyar. Ɗaya ɓari ta yi, ɗaya kuma ta haife shi ba rai bayan ta yi jijjiga. Saboda hawan jini kuka sa ta a jerin ja tun cikin azumi, ma'aikaciyarku Malama Fadila tana zuwa duk Talata ta ɗaura mata abin awo a hannu. Ranar Talata 13 ga Mayu ta zo, jinin ya yi kyau. Sai ta fito da wata waya mai faɗi kamar faranti, da fuskoki biyar a jere, daga mai dariya har mai kuka. Ta ce yanzu ba jini kaɗai ake aunawa ba, har da kwanciyar hankali, tambaya goma sha biyu, mutum ya danna fuskar da ta yi kama da zuciyarsa. Daga nan ƙorafina ya fara.

1. An yi wa yarinyar nan tambaya ina zaune. Ranki ya daɗe, ke ma 'yar gida ce. Wace matar ɗa ce za ta buɗe baki ta yi zancen ciki a gaban uwar miji? Shekara bakwai ko loma ba ta taɓa kaiwa baki a gabana ba. Tana jin tambayar farko ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama tsinken tabarma tana ja. Kamata ya yi Malama Fadila ta ce in ba su wuri. Na yarda tun rasuwar Malam ba a samu wanda ya tashe ni daga kan tabarma ba, shi ɗin ma da lallashi yake yi. Amma ai sai ta gwada.

2. An karɓi amsa daga wadda ba ta da ciki. Da shirun ya yi yawa na ga kamar za a rubuta cewa a gidan Malam Nu'uman ba a iya karɓar baƙo ba, sai na miƙa hannu na jawo farantin. Aka ce tana samun barci? Na danna mai dariya, don ni ba na jin motsinta, na manta kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Aka ce tana cin abinci yadda ya kamata? Sai na ji kamar tukunyata ake tuhuma, na danna da ƙarfi. Abinci akwai, ci ne ba ta yi, wannan kuma ban tsaya na raba ba. Aka ce aiki yana yi mata yawa? Na ce ko tsintsiya ba ta ɗauka, alhali kalwar da ta wanke mini da safe tana nan a kwando tana tsiyayar ruwa a gabanmu. Aka ce tana da wanda take gaya wa damuwarta? Na nuna ƙirjina. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyu, duk mai dariya. Abin da nake ƙara a kai shi ne, na'urar ranar zaɓe ma sai ta bambance yatsana da na wani, taku kuwa ta karɓi yatsan tsohuwar da rabonta da naƙuda shekara talatin da takwas, ba ta ko yi ƙara ba.

3. Ba wanda ya yi shakkar sakamakon. Da Talatar 20 ga wata ta wuce ba a zo ba, ranar Laraba 21 na ɗaura ɗamara na zo ofishinku in yi faɗa. Yarinyar da ke teburi ta duba ta ce Murjanatu ta ci sittin cikin sittin, duk Daura ba mai kwanciyar hankalinta, ga jini ya sauka, don haka an mayar da ita jerin kore, ta riƙa zuwa awo wata-wata. Ba zan ɓoye miki ba, faɗan da na zo da shi a nan na ajiye shi, na fita ina taƙama, har mai keken da ya ɗauko ni sai da na ba shi labarin mun zo na ɗaya. Ni dai an san wautata. Amma ku masu ilimi, macen da ta binne ɗa shekara biyu da suka wuce, ƙafarta ta kumbura sai silifas ɗin miji take sawa, ta ci sittin cif, ba wanda gabansa ya faɗi? Ni idan mai saye ya yaba daddawata bai taya ba, a take nake sanin ba shi da niyyar biya.

4. Wannan shi ne mai nauyin. Ranar Litinin 26 ga wata da hantsi ina bayan ɗakinta ina juya kalwa a rana, na ji tana waya da ƙanwarta Khairunnisa. Ba laɓe na yi ba, amma ban matsa ba. Ta ce kanta kamar ana sara, tana ganin walƙiya-walƙiya a ido da rana tsaka, kuma ta fi sati ba ta yi barcin kirki ba. Sai ta ce idan ba ta tashi daga wannan haihuwar ba, keken ɗinkinta na Khairunnisa ne. Ummi kuma a bar ta wurina, wai Hajiya bakinta ne kawai da zafi amma ba ta barin yaro da yunwa. Ranki ya daɗe, tambaya ta tara ke nan. An tambaya ko tana jin tsoron ba za ta sauka lafiya ba. Na danna mai dariya, har na ƙara da cewa a gidan nan ba a tsoron haihuwa, tara na haifa a durƙushe. Ban faɗa ba cewa huɗu na binne, kuma duk taran da tsoro na shige su. Ba wanda ya kawo mini faranti a lokacin. Da an kawo ma, uwar mijina ce za ta danna.

A ranar na sa ta a keke na kai ta asibiti. Lambar awon jinin da aka samu tana jikin takardar da na haɗa da wannan, ban iya karanta ta ba, amma na karanta fuskar wadda ta auna. Sun ƙara mata magani, sun ce lallai a riƙa dubawa duk sati, kuma ta rage wahala. Mijinta ya bi motar raguna Legas saboda Sallah, sai bayan yanka zai dawo.

5. Jiya Laraba 28 ga wata na koma ofishinku na ce ni na danna, a goge. Aka ce na'ura ba ta sake buɗe tambayoyin sai bayan sati shida, in ba Shugaba ce ta sa hannu ba. Cikin nan ba shi da sauran sati shida.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon ki da ki sa hannu a goge amsoshin nan sha biyu, a mayar da Murjanatu jerin ja, kuma Malama Fadila ta dawo ranar Talata 3 ga Yuni da abin awonta da farantinta. Don Allah kada a taɓa aikinta. Yarinya ce mai tarbiyya, tarbiyyar ce ma ta hana ta ƙwace abu daga hannun sa'ar kakarta. Ina kuma roƙon a rubuta a dokarku cewa duk gidan da aka shiga da farantin nan, a fara fitar da uwar miji, don na san ba ni kaɗai ba ce mai irin wannan yatsa a garin nan.

Nawa ɓangaren na fara. Na sauke ta daga wankin kalwa, na ɗauki mai aiki. Ranar Talatar kuma ba za a same ni a gida ba. Da na ce zan shiga maƙwabta, sai na tuna katangarmu gajera ce kuma kunnena na dama lafiyarsa ƙalau. Don haka Sandamu zan tafi wurin ƙanwata tun da sassafe, ba zan dawo ba sai bayan la'asar. Idan Malama Fadila ta zo ta tarar na fasa, ta nuna mini wannan takarda ta kore ni, na ba ta izini a gaban Malam Kabo.

Talata biyun da nake bin ku ba sa dawowa, na yafe, ni da ban saba yafe ko ƙwayar kalwa ba. Gaskiya sha biyun da kuke bina kuwa, na lissafa a nan na biya huɗu. Sauran takwas na duba ko'ina ba su a hannuna. Suna bakin Murjanatu, kuma ba za su fito ba sai na bar gidan.

Allah ya ƙara girma, ya sauki duk masu ciki lafiya.

Taki mai biyayya,
Hajiya Adama Mai-Daddawa.
Ban iya sa hannu ba, na dangwala. Wannan ɗin dai shi ne yatsan da ya yi ɓarnar.