Fumfuna a Bayan Sif

Durumi, Abuja
17 ga Agusta, 2006

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwar girmamawa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya a Maiduguri, ke da Yaya Manniru da yara, da aikin asibiti da ba ya barin ki hutawa. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Abban Tawfiq yana nan yana fama da aikin ofis. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ki a waya, don na san in na ji muryarki kuka zai hana ni ƙarasa magana.

Yaya, Tawfiq ne ba lafiya. Tun farkon damina yake tari, ƙirjinsa na wani fito idan ya ja numfashi. Sau uku muna zuwa asibiti, ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo. Ranar Litinin likitar ta ajiye bironta, ta tambaye ni ko ɗakin da yake kwana yana da danshi ko hayaƙi. Na ce a'a, ɗakina ƙamshi kawai yake yi. Ta ce ƙamshin me? Na ce na turaren wuta.

Kin tuna jeren da kuka yi mini ke da Gwaggo Hansatu, da babban sif ɗin nan da ya rufe bango guda? Gwaggo ta ce jeren amarya ba a birkita shi, ni kuwa shekara biyu ban matsar da ko tsinke ba. Da ɗakin ya fara wani wari, kamar na jiƙaƙƙen zani da aka manta a bokiti, sai na ƙara turaren wutan da kike aiko mini. Safe da yamma nake zubawa a kasko, in rufe tagogi, in sauke labule don ya kama ɗaki, yadda aka koya mana. Yaron kuma yana kwance a gadonsa a ciki. A littattafan da nake karantawa, ɗakin mace kullum a rufe yake, da sanyi da ƙamshi, kuma irinsa na so maigidana ya riƙa dawowa ya tarar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya mini. Maƙwabciyata Madam Christina, 'yar Karu, ta shigo tun watan Yuni ta ce ginin nan yana shan ruwa daga ƙasa, don wurin fadama ne kafin a cike shi a yi gidaje, in riƙa buɗe taga. Ni kuwa na ɗauka cewa take ɗakina na wari. Sati biyu ina ɗauke mata kai.

Da muka dawo daga asibiti Abban Tawfiq ya ture sif ɗin. Yaya, bangon ya yi baƙi da kore har tsayin kafaɗata, fumfuna ta cinye bayan katakon. Kwalaye biyu na littattafaina da ke cikin sif ɗin, waɗanda nake tarawa tun ina sakandare, duk sun manne da juna, sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Shi da ma gidan sama ya so mu kama, ni na nace sai na ƙasa, saboda fulawar da ke leƙo tagar. Bai tuna mini ba. Ya dai ɗauki yaron ya fita da shi waje, kuma da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ba ni da sukuni. Ina girki in bar tukunya in je in kara kunne a ƙirjinsa. Ko ɗigon baƙi na gani a takalmi ko burodi sai gabana ya faɗi. Likita ta ce yawancin yara suna warwarewa in an raba su da wurin, amma ke kin ga irin waɗannan da yawa, kuma ba za ki lallashe ni da ƙarya ba. Shin abin nan yana zama a huhu? Zai iya zame masa asma har girmansa? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Mun koma falo da kwana, tagogi a buɗe. Na je na ba Madam Christina haƙuri, ta yi dariya ta ce ai ita ma ta yi amarci, sannan ta taya ni kai kwalayen bola. Ban buɗe ko littafi ɗaya ba.

Abbansa zai nemi wani gida, ya kuma yarda mu zo wurinki har damina ta wuce. Ranar Asabar ta sama za mu hau mota a tashar Jabi. Turaren da kika ce za ki aiko, ki bar shi. Na san halinki da baƙi, Yaya, amma don Allah kada ki turara mana ɗaki. Ki ba mu mai taga kawai.

Ki gaishe mini da Yaya Manniru da Hassan da ƙannensa. Gwaggo Hansatu kuma ki gaishe ta, amma ki bari ni zan gaya mata an birkita jeren.

Ƙanwarki mai neman addu'arki,
Nafeesa