Murhun Ƙarfe da Masarar Inna

Zuwa ga Goggo Diep,

Goggo, ki taimaka ki warware min wata magana, don ta fi wata biyu tana yi min yawo a ka, kuma duk wanda na tambaya a ƙauyenmu ƙara rikita ni yake yi. Daga duwatsun Bao Lac nake rubuto miki. Gidanmu irin na kowa ne, na katako a kan ginshiƙai, bauna da kaji a ƙasa, mu a sama, jinkar kaba, murhu a tsakiyar ɗaki cikin akwatin ƙasa, ragar gora tana rataye a kansa. Shekara bakwai na yi a masana'antar takalma a birni. Bara, bayan rasuwar Baba, na tattaro da matata Nhung muka dawo don kada Inna ta zauna ita kaɗai.

Inna tana tari. Tun ina yaro take yin sa, amma da sanyin bana ya shigo abin ya ƙaru, har sai ta tsaya a tsakiyar tsani ta huta kafin ta ƙarasa hawa. Ma'aikaciyar lafiya ta duba ta, ta ce hayaƙi ne, a raba ta da shi. Ranar kasuwa na sayo murhun ƙarfe mai ƙofa da bututu gaɓa uku, mu huɗu muka ɗauko shi muna nishi. To yana nan ƙarƙashin gida har yau, wata kaza ma ta yi ƙwai a ciki sau biyu.

Da Inna ta leƙo ta gan shi, cewa ta yi, "Mayar da shi inda aka ƙera shi. Hayaƙi ne ke riƙe da gidan nan." A raina dariya na yi, na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Nhung kuwa ba ta raga min ba. Ta ce, "Kai da ka shekara bakwai kana manna ƙasan takalmi, yaushe ka zama masanin wuta?"

Sai na je gidan ɗan kawuna Tuyen, wanda ya saka irin murhun nan bara, don in samo hujja. Gaskiya ɗakin ya burge ni, ga ɗumi, ido ba ya yaji, labule fari tas. Muna shan shayi sai na ga wani gari-gari a kan tabarma. Na ɗaga kai, ashe gorar rufi ce duk ta yi ƙananan huji. Na ciro masara ɗaya daga ragarsa na matsa ƙwayar da yatsa, sai ta murmushe, ƙwari suka fito. Ya ce bana roƙon iri ya yi a maƙwabta. Ni kuma da shegen son ganin ƙwaƙwaf, na ɗaga gefen fallen kwanon da ya shimfiɗa a ƙarƙashin murhun. Goggo, katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya, alhali ya rantse garwashi ko ɗaya bai taɓa faɗowa ba. Inda bututun ya huda jinka kuwa, da gwangwanin madara ya naɗe shi, kabar da ke kewaye ta soye ta yi ja. Da na nuna masa sai ya ce, "Haba ɗan birni, ai har yanzu bai kama ba."

Tun daga ranar tambayoyi suka hana ni sakat. Yaya katako zai ƙone a ƙarƙashin ƙarfe ba tare da wuta ta taɓa shi ba? Mene ne a cikin hayaƙi da ƙwari ke gudu? In har abin da ke cin ƙirjin Inna shi ne ke tsare rufinmu, to ina mutum zai sa kansa?

Masarar Inna ita ta fi damuna. Shuɗiya ce mai danƙo, irin da Baba ya gada daga mahaifinsa, ba a sayar da ita a kasuwa, kuma a ƙauyen nan mu kaɗai muka rage da ita. Kowace kaka Inna da hannunta take zaɓar goyo arba'in mafi kyau ta rataye a ragar. In ƙwari suka cinye su shekara ɗaya, shi ke nan ta tafi.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Ƙanwata Lieu ta kusa haihuwa, Inna za ta je wurinta kwana goma a watan gobe. Na riga na shirya da mai walda ya zo ya kafa murhun a bayan idonta, mu rufe tsohon da katako. Nhung ta ce babu ruwanta. Ina tsoron ƙirjin Inna, ina tsoron gobara, kuma ina tsoron fuskarta ranar da za ta dawo. Ki faɗa min yadda ake saka abin nan gida bai tashi da wuta ba, ki kuma faɗa min ko in ci gaba da shirina.

Naku,
Mai murhun da kaza ta gaje

*

Ɗana mai murhu,

Da farko ka aika wa mai walda ya dakata. Amma son ganin ƙwaƙwaf ɗin nan naka kada ka bar shi, don hannun da ya ɗaga kwanon Tuyen ya yi aikin da ya fi na masu shawara goma.

Ma'aikaciyar lafiya ta yi gaskiya, Inna ma ta yi gaskiya. Hayaƙi yana busar da hatsi da gora, yana shafa musu kunkunniyar da ƙwari ba sa so, kuma shi ɗin ne ke taruwa a huhu shekara da shekaru. Katako kuwa ba ya buƙatar harshen wuta. Fallen kwano ba ya tare zafi, miƙa shi yake yi, kuma katakon da ake gasawa kullum yakan kai lokacin da ɗan zafi kaɗan zai ishe shi ya kama. Ka koma ka gaya wa Tuyen haka a makon nan, ko da zai sake kiran ka ɗan birni.

Wurin da ya fi dacewa da murhunka kana da shi tuni, wato akwatin ƙasar nan. Ka duba kaurin ƙasar, ka jera tubali a kai da 'yan kafofi a tsakani yadda iska za ta ratsa, ka faɗaɗa gaban ƙofa da kamu biyu saboda garwashi. Ƙarfe da tubali suna da nauyi, saboda haka ka shiga ƙarƙashin gida ka ƙara ginshiƙi daidai wurin. Tsakanin murhun da duk abin da ke cin wuta, bango ne, katifa ce, itace ne, a bar wajen mita guda. Ragar gora ma sai ta matsa.

Bututu shi ne mai kashe gida. Kada bututu mai falle ɗaya ya kusanci kaba ko kaɗan. A yaye kabar wurin da faɗi, a sa kwano, a ratsa da bututu mai riɓi biyu wanda aka cusa abin tare zafi a tsakaninsa. Ya ɗara rufi da kamar mita guda, ya kuma fi ƙololuwar jinka tsawo in yana kusa da ita, a sa masa hula da ragar waya saboda tartsatsi. In mai waldanka ya ce gwangwani ya isa, nemi wani. Gaskiya in kuna da hali, ɗan ɗakin girki mai rufin kwano a jikin gidan ya fi min kwanciyar rai, don jinka da bututu ba su taɓa zama abokai ba.

Busasshen itace kawai za ku ƙona, ɗanye yana tara kunkunniya mai maiƙo wadda kan kama da wuta a cikin bututu. Ku share shi kafin sanyi da tsakiyarsa. Kada ku toshe duk kafofin gida don neman ɗumi, kada kuma ku rufe maƙogwaron bututun ruf, domin akwai iskar garwashi marar wari da ke kisa. Ciwon kai ko jiri a ɗaki, a buɗe ƙofa a fita. Gorar rufi kuma ka riƙa dubawa, wadda ta fara zubar da gari a canza ta da wadda aka jiƙa a ruwa ta daɗe.

Masara ba ta bukatar ɗakin kwananku, hayaƙi take bukata. Ka gina 'yar bukka nesa da gida, da ragarta da ƙaramin murhunta, kai ka riƙa hura wutar. In ta bushe ƙayau, a ɓare rabi a zuba a tulu ko kwalba mai murfi gam, rabi ya zauna a ragar, don in ɗaya ya ɓaci ɗaya ya tsira. Tarin kuma a kai ta asibitin gunduma a ɗauki hoton ƙirji a gwada majina, kada a ɗora wa hayaƙi laifin komai ba a bincika ba.

Saura shirinka na kwana goma. Ka ajiye shi. Matar da ta shekara hamsin a bakin murhu ta san abin da ke sa ta tari tun ba a haife ka ba. Ta auna ƙirjinta da irin masarar gidan mijinta, ta zaɓi irin, kuma kowace safiya da ta durƙusa hura wuta sake zaɓa take yi, ba ta gaya wa kowa ba. In ka kafa murhu a bayan idonta, ƙwace mata abin da ta biya da numfashinta ka yi. Fara gina bukkar tana gida, ka zaunar da ita ka tambaye ta kwana nawa masara ke so a hayaƙi, da wane itace, da yadda ake gane ta isa. Ranar da ta ga irin ya tsira a hannunka, ba sauran abin da za ta tsaya tsarewa da ƙirjinta, ta huta.

Ina yi mata fatan sauƙi, Lieu kuma ta sauka lafiya. A gaida Nhung, ka riƙa jin maganarta.

Goggo Diep