Rabi, Na Tono Muryarki Daga Ƙarƙashin Kiɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga matata Rabi'atu, Maman Ummi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zauna ne in sanar da ke wani aiki da na yi a wannan daminar. Na gama shi, amma har yanzu ban sani ba ko na yi daidai. Kin san halina, ko shago na kulle sai na dawo na sake taɓa kwaɗon.

Muna nan Tudun Wada, a gidan da kika bar mu. Situdiyona yana nan a bayan tasha, ina ta haɗa wa mawaƙan biki kiɗa kamar da. Ummi, wadda kika bari ba ta daɗe da yaye ba, yanzu tana babbar sakandare. Ita ce sanadin wannan wasiƙar.

Wata rana da azahar ta kawo min abinci situdiyo, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. Ashe daga gidan wata ƙawarta take, wadda mahaifinta ya rasu, kuma sun zauna sun saurari saƙonnin muryar da ya bari a waya. Can ta ce, "Baba, hoton Mama kam na haddace shi. Muryarta fa? Babu ko 'yar kaɗan?"

Na ce mata akwai. Bakina ne ya riga ni, Rabi. Da na yi tunani da ban faɗa ba, domin abin da yake akwai ɗin kin san shi.

Kin tuna shekarar da mai yi mana amshi ta fasa zuwa daga Kano, ga biki ya matso, ga mawaƙin ya tsare ni? Na dawo gida raina a ɓace, na tarar kina tankaɗe kina rera amshin da kika ji ina ta maimaitawa. Na tsaya a zaure ina saurare har kika ankara kika yi shiru.

Da ƙyar kika yarda. Na ɗauko kwamfuta da makirfo na kawo ɗakinmu, muka rataye barguna a bango. Kika gindaya min sharaɗi biyu. Na farko, in matse muryar. Kika ce, "Ka mayar da ita ta 'yar tsana, Malam, kada matan unguwa su gane ni a gidan biki." Na biyu, in goge ainihin abin da na ɗauka. Kika tsaya a bayana har na goge, sannan kika ce, "Har kwandon sharar kwamfutar za ka zubar, na san halinku." Na zubar kina kallo.

Waƙar ta zaga, daga Kiru har Doguwa. Kika riƙa dawowa daga biki kina dariya, wai mata suna cewa wata 'yar Kano ce mai amshin, ke kuma kina taya su da cewa ai 'yan birni sun iya iyayi.

To, abin da ya rage mana ke nan. Waƙa ɗaya a faifan sidi, muryarki a matse, siririya kamar ta ƙaramar yarinya, ga kiɗa ya danne ta ta sama da ƙasa. Tsohuwar kwamfutar ta mutu tuntuni da duk abin da ke cikinta. Ƙaramar wayarki kuwa ba ta ajiye murya. Ban so in miƙa wa Ummi wannan in ce mata ga mahaifiyarki ba. Na ce ta ba ni lokaci.

Na fara da hanya mai sauƙi. Wani abokin sana'ata a Kano ya nuna min manhajar da ke raba murya da kiɗa da kanta. Na gwada. Abin da ta fito min da shi kamar mutum yana magana a cikin randa, duk ƙarshen kalmominki sun narke. Laifin kiɗan ne. A wurin amshi, inda ke kaɗai kike rerawa, na sa wani sautin fiyano mai kama da sarewa yana bin muryarki taku da taku, sai na'urar ta kasa gane wane ne mutum a cikinku.

Sai na koma doguwar hanya. Bari in yi miki bayani yadda nakan yi miki a da, kina gyaɗa kai alhali na san hankalinki yana kan tukunya. Idan aka sami sauti biyu masu kama ɗaya sak, aka juya ɗaya baibai aka kifa shi a kan ɗayan, sai su haɗiye juna, a ji shiru. Wato idan na iya sake ƙera kiɗan nan daidai yadda yake, na kifa shi a kan waƙar, kiɗan zai ɓace ya bar ki ke kaɗai. Sai dai fa daidai ɗin nan, ba kusa da daidai ba.

Gangunan ba su wahalar da ni ba, na'ura ce ta buga su tun asali. Bes ɗin ne ya fara nuna min iyakata, wato wannan sautin mai kauri da ke bugun ƙirji. Fiyanon da na buga shi da shi ya ƙone wata shekara da wuta ta zo da ƙarfi. Na yi ta cigiya har aka kwatanta min wani mai kiɗan biki a Kafin Maiyaki da ke da irinsa. Na hau babur na je. Mutumin kirki, da ya ji dalilina bai ƙara tambayata komai ba, shi ya ɗaure min fiyanon a bayan babur da kansa, ya lulluɓe shi da leda saboda hadari.

Na sami sautin a cikinsa, amma ba yadda yake a waƙar ba. Ashe na murɗa shi a wancan lokacin, na rage masa kaifi, na ƙara masa jan wutsiya. Nawa na rage, nawa na ƙara? Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana. Abin da na rubuta a ranar shi ne an yi ruwa, an ɗauki amshi. Shi ke nan. Ni da nake rubuta har ranar da aka canja wa janareto mai.

Haka na riƙa zuwa situdiyo da sassafe, kafin masu lodi su fara ihu a tasha, ina murɗawa ina kifawa ina saurare. Duk sanda na matso kusa, sai bes ɗin ya yi ƙasa kamar an rufe masa ƙofa. Idan na wuce, ya dawo. Da na sami sautin kuma sai ga wata matsalar: da hannu na buga shi a wancan lokacin, kuma a baiti na uku yatsana ya makara kaɗan. Dole na zauna na koyi yin kuskuren da na yi ina matashi, a daidai inda na yi shi. Ban taɓa jin tsufa irin na ranar ba.

Sarewar ta fi komai taurin kai. Tana da wata 'yar rawa a cikinta, sautin yana karkarwa, kuma sai karkarwar tawa ta faɗa daidai kan ta da. Har yau ban kashe ta duka ba. Idan aka kasa kunne akwai ragowarta can nesa, kamar kukan sauro a ɗaki na gaba.

Amma wata safiya na kifa komai, na danna, sai ga ki. Babu ganga, babu bes. Har jan numfashinki kafin ki shiga amshi, wanda ban taɓa ji ba tun da aka yi waƙar. Na cire abin sauraro daga kunne na ajiye, na fita na tsaya a bakin ƙofa ina kallon masu ɗora buhunan masara a mota, har mai shayi ya tambaye ni ko lafiya.

Na ɗauka na gama. Ashe lokacin aikin ya fara, domin har yanzu muryar 'yar tsana ce. Sai na sauko da ita inda na ɗauko ta. Maɓalli biyu ne: ɗaya yana sauke tsayin murya, ɗaya yana mayar mata da faɗin maƙogwaro. Babu lambar da zan bi. Abin da kawai zan auna da shi shi ne muryarki da ke cikin kaina.

Rabi, a nan ne na tsorata. Na rufe ido na kira ki, ki ce min ko da sannu da zuwa ne. Kalmominki suka zo, duk ina da su. Yadda kike karkatar da kai ma ya zo. Sautin ne babu. Kamar ina karanta maganarki a takarda. Ban san ranar da ya tafi ba, ban ji fitarsa ba.

Duk da haka na ci gaba da murɗawa. Idan na sauke da yawa sai ki zama wata dattijuwa da ban sani ba. Idan na ɗaga sai ki koma yarinya. A tsakani akwai wani wuri da duk sanda na iso shi sai gabana ya faɗi. Na bar shi, na dawo washegari, na fara daga farko ba tare da na kalli allon ba, na sake faɗawa wurin. Na yi haka sau da yawa. Na ce to, nan ne, jikina ya gane ki ko da kaina ya manta.

Amma kin san ni. Na ce sai wani ya tabbatar min kafin Ummi ta ji. Wa ya fi Inna, wadda ta haife ki? Na saka a waya, na shiga mota ta dajin Falgore zuwa Riruwai.

Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa. Bayan mun gaisa ta tambayi takwararta Ummi, na ce tana makaranta. Ban yi mata wani bayani ba, don kada in sa mata magana a baki. Na ce kawai akwai abin da nake so ta ji. Na kunna, na ajiye wayar a kan tabarma.

Ba a kai ƙarshen amshin farko ba ta ɗaure fuska. Ta ce, "Baban Ummi, yarinyar da ake so ta yi karatu ita ka sa a waƙa? Takwarar tawa?"

Ummi ce Inna ta ji a waƙar, Rabi. Ba ke ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Nan take na gane abin da mai yiwuwa ya faru: muryar da nake ji kullum a gida, mai gaishe ni da safe, mai kirana cin abinci, ita kunnena ya riƙa ja na zuwa gare ta. Wataƙila duk wahalar nan da na sha, 'yarmu na ƙera da kayan muryarki.

Na gaya wa Inna gaskiyar wadda ta yi amshin. Ki yi haƙuri, sirrin ya fita, ga shi yanzu har masu karanta wannan sun sani. Sai ta ce, "Rabi da rigima." Ta ce in sake kunnawa. Ta ɗauki wayar da hannu biyu ta kara a kunne, ta saurara har ƙarshe. Na ce, Inna, ita ce? Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Da farko Ummi na ji. Yanzu da ka ce Rabi ce, Rabi nake ji. Kada ka ƙara tambayata, don Allah."

Ban ƙara ba. A mota ina dawowa na yi ta juya abin. Ko dai muryarku ɗaya ce ke da 'yarki, na yi daidai ke nan, ko kuwa ni da Inna duk mun rasa ki, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai ce mana mun kuskure. Na yi tunanin in ce wa Ummi aikin bai yiwu ba. Na yi tunanin in ba ta in ce mata tabbas ke ce, tunda ba ta da abin da za ta ƙaryata ni da shi. Wannan na biyun ya fi ja na, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira ta tsakar gida, na ba ta abin kunne. Ta saurara idonta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta. Da ya ƙare ta ɗago ta ce, "Haka take, Baba?"

Na ce mata numfashin naki ne, kalmomin naki ne, yadda kike jan ƙarshen baiti naki ne, waɗannan ban taɓa su ba. Amma tsayin muryar da kaurinta ni na zaɓa, kuma ban tabbata ba, domin na manta. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan kalmar a kanki ba sai ranar.

Ba ta yi kuka ba, ni ne na kusa. Ta ce in tura mata a wayarta haka nan.

Yanzu takan kunna idan tana wanke-wanke, tana bin ki a hankali. Daga ɗaki nakan kasa kunne in ce bari in raba ku, wannan uwar, wannan 'yar. Ba na iyawa, Rabi. Sai in ɗauki hulata in fita.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya haske a cikinsa. Allah Ya raya mana Ummi, Ya shirye ta, Ya ba Inna lafiya. Ni kuma Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a gidan da ba a mantuwa. Idan na iso, ki riga ni yin magana.

Wassalam.

Mijinki,
Baban Ummi
Tudun Wada