Baba, Na Hana Shanya Batur

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin rahama, ina sanar da kai cewa zan saɓa maka, kuma da gangan.

Kalkuletarka tana nan, wadda kake lissafin faɗin gonakin rani da ita a Kalmalo. Lambar bakwai ta goge saboda yatsanka. Da ita nake koyarwa yanzu, kuma ban shirya rabuwa da ita ba.

Ka tuna yadda kake yi in baturanta sun yi sanyi? Ka ɗan cije su, ka jera bisa kwanon ɗaki su sha rana. Kakan ce, “Batur ba ya mutuwa, gajiya yake yi.” Sai da na shiga jami'a na gane a nan ka kuskure, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin faɗa maka ba.

Bara wani batur ya tsiyaye a cikinta, ruwansa ya cinye waya ɗaya. Mai gyara ya ce in aka sake, sai dai a ajiye ta don kallo. Na shiga kasuwa neman batura masu caji. Mai shago ya ɗauko wasu da aka rubuta musu ƙarfin da ya isa tayar da mota, ya rantse daga Ƙonni suka shigo, sai ka ce can ake ƙera su. Na ɗora a tafin hannu, ba nauyi. Na bar masa kayansa. A wani shago na sayi biyu iri ɗaya, daidai ramin kalkuletar, da caja mai yanke wuta da kanta in sun cika.

Inna ce na manta da ita. Ran Laraba na dawo daga makaranta na iske baturan bisa kwano, tsakar rana. Ɗaya har ya kumbura. Na yi mata bayani da muryar aji, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, “Mi na ɓata? Haka Malam ka yi.”

Nan na gane, Baba. Ba baturan take wa hidima ba.

Amma ban janye ba. Na sayo wasu biyun, don ba a haɗa sabo da tsoho. Na damƙa wa Inna cajar. Wurin cajar ƙasa, kan siminti, cikin inuwa, nesa da katifa. Batur marar caji ba ya shiga cikinta. In ta taɓa ta ji zafi, ta zare. Yanzu ni ma sai da izninta nake kusantar wurin, jiya har ta kore ni wai hannuna da danshi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya yafe mini gyara maka kuskure a bayan idonka.

Ɗiyarka mai gardama,
Hadiza