Masarar Malam Salmanu ta Kalli Gabas

Fagge, Kano
Afrilu, 1956

Daga Malam Salmanu zuwa ga ɗana Maje, a makarantar aikin gona, Zariya. Gaisuwa da sa albarka.

Bayan haka, aminina Ambrose na Sabon Gari ya samo maka kujerar akawu a tashar jirgin ƙasa. Za su riƙe maka ita zuwa ƙarshen watan gobe. Ka tattaro kayanka ka dawo. Na gaji da amsa tambayar mutane. Kakanka alƙali, ubanka malami, kai kuma wai karatun noma. Noman ma sai an je makaranta?

Ga misali. Ambrose ya kawo mini irin masara daga garinsu. Na gwada kaɗan a kasko kafin ruwa ya sauka, na ɓoye a ɗakin littattafaina saboda awaki da bakin mutane. Tawa ta ninka tasa tsawo, shi da ya bar tasa a tsakar gida. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk ta sunkuya ta fuskanci alƙibla, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Na kira Liman da maƙwabta sun gani. Masarar da ta tashi cikin littattafai ke nan. Wannan ma an koya muku?

Innarka tana gaishe ka. Haza wasalam.

Zariya
Afrilu, 1956

Zuwa ga mahaifina, gaisuwa da ladabi da biyayya.

Baba, Allah ya ƙara girma, takardarka ta iso. Na rasa ta inda zan fara, don ina tsoron ka ce na yi rashin kunya. Amma tagar ɗakin littattafanka a gabas take. Haske masarar take bi.

A kan tsinin kowane tsiro akwai wani ruwa da yake saukowa cikin kara, shi ke sa shi tsawo. Idan haske ya bugi gefe ɗaya, sai ruwan ya taru a gefen inuwa. Wannan gefen ya fi tsawo, sai karan ya lanƙwasa wajen hasken. Tsawon da ta yi kuwa, wahala ce. Tsiro a duhu yana ƙarar da ƙarfinsa wajen neman rana. Ka duba, za ka gan ta fara sol, siririya. Ta Baba Ambrose gajera ce, amma ita za ta yi.

Ina roƙon abu ɗaya. Ka sake shuka wata a ɗakin Inna, mai taga a yamma. Da ta ɓullo kamar allura, ka yi wa rabinta 'yan huluna da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi, ka rufe tsinin kawai. Marasa hula za su juya yamma, masu hula za su tsaya cak. In ba haka ta faru ba, zan hau jirgi in zo in zauna a kujerar, ba za ka ƙara jin bakina ba. Amma Baba, ina son karatun nan har cikin raina.

Ɗanka mai biyayya, Maje.

Fagge
Mayu, 1956

Zuwa ga Maje.

Takardarka ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Ni za ka sa ɗinka wa masara hula da furfurata? Na yi dai, don in kawo ƙarshen gardama. Innarka ta yi dariya har da hawaye. Ambrose ya ce shi ne shaida, kullum in ya tashi aiki sai ya biyo da kekensa ya leƙa kaskon. Ya ce in gaya maka yana gefenka, ko da yake shi ya sha wahalar neman kujerar. Ka fara ɗaure akwatinka.

Masarar farkon kuwa ta kwanta, amma wannan laifin zafi ne.

Wasalam.

Fagge
Mayu, 1956

Zuwa ga Malam Maje. Gaisuwa da sa albarka.

Marasa hula sun juya yamma. Masu hula suna tsaye.

Na sake kiran Liman da duk wanda na kira da fari. Na ce musu ni na yi kuskure, na karanta musu takardarka daga farko har ƙarshe. Liman ya tambayi wane malami ne ya rubuto. Na ce ɗana ne, na cikina. Sai da na faɗa sau biyu, don Hambali mai shago kurma ne, kuma ina so ya ji.

Na ce wa Ambrose ya ba wani kujerar. Ka kwance akwatinka.

Saura tambaya ɗaya, kuma ka amsa da sauri, don Liman yana jira, ni ma na rasa abin da zan ce masa. In kara haske yake bi, me ya sa saiwa take yin ƙasa?

Mahaifinka, Salmanu.